Filin Manoma: Rainon Irin Barkono A Gida

Kwanan baya wani malamin ofis ya tare ni da kuka. Wai bara ya sayi dashen tattasai a kasuwa, ya cika bayan gidansa da shi, ya yi ta wahalar ban ruwa, da aka zo 'ya'ya sai ga barkono tsiduhu. Na ce masa, "Malam, ai ganye ka saya, ba iri ba." Dashen barkono, da na tattasai, da na shambo, duk kusan kamarsu ɗaya tun suna ƙanana. Maganin wannan hasara guda ne, watau mutum ya raini irinsa da hannunsa.

Asalin barkono daga ƙasashen Amurka ne. Bayan shekarar 1492 ne Turawan Fotugal suka bazu da shi har ya iso Afirka. Shuka ce mai son ɗumi, shi ya sa ta karɓi ƙasarmu. Dubi yadda mutanen Diffa, a bakin Komadugu, suka yi suna da tattasai.

To, aikin daga zaɓen iri ya ke farawa, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada ka ɗebi iri daga buhun kasuwa, ba ka san uwarsa ba. Ka zagaya gonarka, ko ta maƙwabci da izininsa, ka nemi gindin da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, wanda ganyensa bai nannaɗe ba. Ka bar 'ya'yan su nuna sosai a bisa uwar, sa'an nan ka tsinka, ka tsaga, ka fid da ƙwayar, ka shanya a inuwa kamar mako guda. In ta bushe ka zuba a kwalba da 'yar toka, ka toshe, ka ajiye inda babu laima. Ka wanke hannu kafin ka taɓa ido.

Abu biyu za ka kiyaye. Na fari, in tattasai da barkono suna dab da juna, zuma kan kai garin furen wannan ga wancan. Bana ba za ka ga kome ba, amma irin da ka ajiye zai ba ka kunya baɗi. Na biyu, yawancin irin da kamfani ke haɗawa ya sayar a takarda, 'ya'yansa ba su biyo shi, sai a sake saye.

Wurin raino ba sai babba ba. Fasasshiyar tukunya, ko tsohon kwano da aka huda gindinsa, ko ɗan fangali a gefen tsakar gida, duk sun isa. Ka haɗa ƙasa mai laushi da rairayi da ruɓaɓɓen taki, ban da ɗanye. In fangali ne, ka tara kara a kansa ka ƙone tukuna, wutar na rage cutar ƙasa da irin ciyawa. Ka ja layi da tsinke, zurfinsa kada ya wuce rabin gaɓar yatsa, ka yafa iri jefi jefi, ka rufe da ƙasa kaɗan, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa bisa.

Barkono da tattasai kan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14. Attarugu ya fi nawa, yakan kai mako 3, saboda haka kada ka yi fushi ka tone. Sanyin hunturu ma na jinkirta tsiro. Mai nufin damina ya zuba iri cikin Afrilu ko Mayu, mai lambun rani kuwa da ɗaukewar ruwa, tun sanyi bai kankama ba.

Da ka ga tsiro ka kwashe ciyawar, ka yi masa 'yar rumfa, ka tare kaji da ƙaya. A nan ne mutane da yawa ke kashe irinsu da ƙauna. Ruwa in ya yi yawa, sai ka wayi gari ka tarar gindin tsiron ya sirance ya ruɓe, sun kwanta layi layi. Ka yayyafa kaɗan safe da maraice, ƙasa ta yi danshi, ba caɓi ba. Inda suka cunkushe ka rage.

Bayan mako 5 ko 6, sa'ad da kowane ya yi ganye 5 ko 6, dashe ya yi. Saura mako guda ka ɗauke rumfa, ka rage ruwa, don su saba da rana. Ranar dashe ka jiƙa wurin, ka ciro da ƙasar saiwarsu, ka dasa da la'asar, kamu guda tsakanin gindi da gindi. Kada ka dasa inda aka tayar da tumatir, ko gauta, ko taba, don danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. Duk wanda ganyensa ya nannaɗe ka tumɓuke shi, kada ka ji tausayi.

Cikin wata 2 zuwa 3 bayan dashe za ka fara tsinka, uwargida ta huta da cefanen kayan miya, rarar kuma a shanya a jira ta yi tsada. Malamin nan dai ya ce bana ya zuba nasa a tsohon kwano. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.