Shuka Tabar Wiwi a Cikin Ɗaki: Gaskiya da Ƙanzon Kurege

Tabar wiwi tsiro ne mai namiji da mace. Sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC, yana taruwa ne a wani danƙo da ke lulluɓe furen macen. Ganye yana da kaɗan, ƙwayar iri kuwa kusan babu. A ƙasashen da sanyi ya yi yawa, ko inda aka daɗe ana ɓuya wa hukuma, masu nomanta sun koma raino a cikin ɗaki, a tukwane, ƙarƙashin fitilun lantarki. Hotunan irin wannan raino ne suka cika Facebook da TikTok da YouTube, kuma tare da su maganganu ke yawo, wasu da ƙamshin gaskiya, wasu ƙarya tsagwaronta.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce wai Majalisar Ɗinkin Duniya ta halatta wiwi. Abin da ya faru shi ne, ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar Majalisar mai kula da miyagun ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a a birnin Viyana, ƙasashe 27 suka goyi baya, 25 suka ƙi, ɗaya ta ƙaurace. Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Da wannan ƙuri'a aka cire wiwi daga rukuni na huɗu na yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961, rukunin ƙwayoyi mafi haɗari da ake ganin amfaninsu a magani kaɗan ne. Amma tana nan a rukuni na farko, wanda ake sa wa ido sosai. An amince tana da amfani a fannin magani ke nan, ba a ba kowa izinin shuka ta a tsakar gida ba.

Cewa akwai ƙasashen da mutum ke shuka ta a gidansa ba tare da tsoron kamu ba, wannan gaskiya ne, sai dai kowace da iyakarta. Yurugwai ce ta buɗe hanya a 2013, ta yarda da gindi shida ga wanda ya yi rajista. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoba 2018 da gindi huɗu a kowane gida, duk da haka lardin Kebek ya haramta shukar gida, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta goyi bayansa a 2023. Jamus ta yarda da gindi uku ga baligi daga 1 ga Afrilu 2024. A Afirka ta Kudu, Kotun Tsarin Mulki ce ta yanke hukunci a Satumban 2018 cewa baligi na iya shukawa don amfanin kansa a keɓe, ban da sayarwa. A Amurka doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Mai bidiyon da ke nuna tsironsa a Toronto dokar Toronto yake bi. Ba ta ƙetaro teku tare da bidiyon ba.

A Najeriya ba a halatta ba. Tushen jita-jitar cewa an halatta ta shi ne fafutukar marigayi Rotimi Akeredolu, tsohon gwamnan Ondo, wanda ya je Tailan a 2019 ya kuma yi ta kira da a yarda a noma wiwi don magani da fitarwa waje, da kuma ƙudurorin da aka gabatar a Majalisar Wakilai waɗanda ba su zama doka ba. Dokar haramcin wiwi ta 1966 da dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 su ke aiki, kuma shuka laifi ne mai hukuncin ɗauri mai tsawo. Ba a ware wani adadi na gindi da aka yafe ba, ba a kuma bambanta gona a daji da tukunya a bayan taga ba. Gana ma, da ake yawan kafa hujja da ita, abin da majalisarta ta amince da shi a 2023 shi ne ba da lasisin noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, don masana'antu da magani. Wannan nau'i, da ake yin zare da mai da shi, ba ya bugarwa.

Wasu kan ce ƙaramin tsiro ba ya sa maye, don haka ajiye shi ba laifi ba ne. Rabin farko daidai ne, domin tsiron da bai yi fure ba ɗan kaɗan ne sinadarinsa. Rabin na biyu kuskure ne: doka shukar take dubawa, ba girmanta ba.

Ƙaryar da ta fi cutarwa ita ce wai wadda aka raina a ɗaki ta fi tsafta da sauƙi a jiki. Akasin haka ne ta fuskar ƙarfi. Masu rainon ɗaki sun shafe shekaru suna zaɓen iri mai yawan danƙo, shi ya sa matsakaicin THC a tabar da hukumomin Amurka ke kamawa ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan 12 a 2014. Irin wannan ce ake shigowa da ita Najeriya da sunan “laud”. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka gudanar a wurare da dama na Turai da kuma Burazil, ya gano cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, idan kuwa mai ƙarfin ce, kusan sau biyar. Batun tsafta ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Ɗakin da ke rufe, ga zafi ga laima, matattarar funfuna da ƙananan ƙwari ne, kuma maganin ƙwarin da aka fesa na iya saura a furen har ya shiga huhun mai sha. Fitilu da fanka da ke aiki sa'o'i masu yawa suna cin wuta ainun. Wani ƙiyasi na 2012 ya ce rainon ɗaki na lashe kusan kashi 1 cikin 100 na lantarkin Amurka. Inda aka yi haɗin waya na ɓoye, gobara ba ta nisa.

Haka nan ba gaskiya ba ne cewa wiwi ba ta kama mutum tunda ganye ce. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha kan kai matsayin da ba ya iya bari, kuma ga waɗanda suka fara tun suna samari abin ya kai ɗaya cikin shida. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 na shan wiwi. Amfaninta a magani kuwa tabbas ne, amma taƙaitacce. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, maganin da aka tato daga sinadarin CBD marar sa maye, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, kuma tun 1985 ake ba masu ciwon daji maganin THC da aka haɗa a ɗakin gwaje-gwaje don tashin zuciya. Waɗannan magunguna ne da aka auna, likita ke rubutawa. Babu ingantacciyar hujja cewa shan wiwi na warkar da ciwon daji.

Akwai kuma ruɗanin da ya shafi gonakin ƙasar Hausa kai tsaye. Ganyen rama mai yatsu yana kama da na wiwi, har masana tsirrai suka sa wa rama suna na kimiyya mai nuni da wannan kamanni, wasu kuma suka ɗauka dangi ne. Kama da wane ba ta wane. Rama 'yar'uwar yakuwa ce da kuɓewa da auduga, ba ta da THC ko kaɗan, kuma kwaɗonta bai taɓa sa kowa maye ba.