Ƙananan Dawaki: Asalinsu, Cinikinsu da Kiwonsu

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, in aka ambaci doki, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ingarma mai tsawo da faɗin ƙirji, irin wanda ake ɗaura wa sirdi da jalala ranar hawan salla. Ƙaramin doki kuwa, wanda ake kira ƙuru, ba a cika ba shi daraja ba. To, amma akwai ƙasashen da ƙanƙantar doki ita ce darajarsa, har akan sayar da wanda bai fi babban rago tsawo ba a kan kuɗin da za su sayi ingarma. Wannan lacca za ta duba yadda aka yi waɗannan dawaki suka zama ƙanana, da yadda kasuwa ta riƙa juya siffarsu daga zamani zuwa zamani, da kuma haƙƙin da ke wuyan mai kiwonsu da mai sayensu. Za a fi mai da hankali ga dawakin tsibiran Shetlan na ƙasar Birtaniya, domin tarihinsu yana rubuce, kuma jininsu ya shiga cikin yawancin ƙananan dawakin da ake ciniki a yau.

Kafin a ci gaba, ya kamata a san ma'auni. Ana auna tsawon doki daga ƙasa zuwa kan kafaɗarsa. A wurin Turawa, duk dokin da bai wuce inci 58 ba, wato kimanin santimita 147, ƙuru ne. Dokin Shetlan ba a yarda ya wuce inci 42 ba. Akwai kuma wani rukuni a ƙasa da wannan, na waɗanda ba su wuce inci 34 ba, wato santimita 86, kuma su ne 'yan mitsi-mitsin da kasuwa ta fi rububi a kansu.

Yadda Ƙasa Ta Ƙera Dokin Shetlan

Tsibiran Shetlan suna can cikin teku, fiye da mil 100 arewa da Sikotilan. Ƙasa ce mai tsananin sanyi da iska, itatuwa ba su da yawa, ciyawarta gajera ce, kuma lokacin hunturu rana ba ta daɗewa take faɗuwa. Ƙasusuwan da masu binciken kufai suka tono sun nuna cewa an yi shekaru dubbai ana kiwon ƙananan dawaki a wurin. Babu wani makiyayi da ya zauna ya ƙudura niyyar rage girmansu. Yunwa da sanyi su ne suka yi tankaɗe da rairaya, domin babban doki yana bukatar abinci mai yawa, in hunturu ya yi tsanani shi ne kan fara mutuwa, ƙarami mai kaurin jiki kuwa ya kai bazara ya hayayyafa. Da haka aka sami doki gajere mai gajerun ƙafafu masu ƙarfi, mai yalwar geza da wutsiya, mai gashi ninki biyu lokacin sanyi, wanda in ciyawa ta ƙare yakan gangara bakin teku ya ci ganyen da ruwa ya turo.

Mutanen tsibiran manoma ne da masunta, kuma dokin shi ne jakinsu. Shi ke ɗauko musu wata irin baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirrai wadda suke yankawa su busar su yi makamashi da ita, shi ke kai ganyen teku gona domin taki, har gashin wutsiyarsa ma sukan murɗa su yi zaren fatsa. In aka gwada ƙarfinsa da girman jikinsa, da wuya a sami dokin da ya kai shi jan kaya.

Irin wannan abu ya faru a Afirka ta Yamma. A kan tsaunukan Jos, Birom da wasu maƙwabtansu sun daɗe suna kiwon ƙananan dawaki waɗanda suke hawa ba sirdi wajen farauta da yaƙi. Haka kuma a kwarin kogin Logon, tsakanin Cadi da Kamaru, mutanen Musai suna da nasu irin, wanda ya fi manyan dawakin arewa jure wa ƙasa mai dausayi da ƙudan tsando. A can da nan duka, wahalar ƙasa ce ta zaɓi ƙarami.

Zamanin Ramukan Kwal

A shekarar 1842 majalisar dokokin Birtaniya ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 yin aiki a cikin ramukan haƙar kwal. Kafin wannan doka, su ne ke jan kwandunan kwal ta cikin ƙananan hanyoyin da babban mutum ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsu. Da aka fitar da su, sai masu ramuka suka shiga neman dabbar da za ta iya bin waɗannan hanyoyi, ba su kuwa sami wadda ta dace kamar dokin Shetlan ba. Nan da nan farashinsa ya tashi, dillalai suka yi ta kwarara tsibiran suna saye. A shekarar 1913 dawakin da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa a Birtaniya, na Shetlan da na wasu irin, sun kai kimanin 70,000. A can ƙasa ake yi musu barga, kuma da yawansu ba sa ganin hasken rana sai lokacin hutun shekara. Sai a 1911 aka yi dokar da ta hana shigar da doki rami kafin ya cika shekara huɗu. Na ƙarshe da suka rage a babban ramin Ellington, a arewa maso gabashin Ingila, an fito da su a 1994.

Akwai darasi babba a cikin wannan ciniki. Maza kaɗai ake shigarwa rami, kuma mai saye yana zaɓen mafi ƙarfi. Talakan Shetlan, da ya ga kuɗi a hannu, sai ya sayar da mafi kyawun mazan garkensa, ya bar raunana suna barbarar goɗiyoyi. Ba a yi shekaru da yawa ba sai irin ya fara lalacewa a gidansa na asali. Wanda ya fara gyara lamarin shi ne wani basarake mai ramukan kwal, mai riƙe da sarautar Londonderry, wanda ya kafa gandun kiwo a tsibiran Bressay da Noss a 1870. Burinsa shi ne ya sami doki mai nauyin jiki da kaurin ƙashi, gajere iyakar gajarta, kuma wani namiji da ake kira Jack shi ne ginshiƙin gandun. A 1890 kuma aka kafa ƙungiyar da ke riƙe da littafin asalin dawakin Shetlan, inda ake rubuta sunan kowane doki da na uwarsa da ubansa. Tun daga lokacin, wanda ba ya cikin littafin ba ya samun farashin mai asali.

Daga Aiki Zuwa Ado

Da injuna suka karɓi aikin rami da na gona, sai kasuwar ƙananan dawaki ta koma hannun masu neman abin hawan yara da abin sha'awa. A nan ne ma'aunin daraja ya juya. A da ana tambayar nauyin da doki zai iya ja, yanzu kuwa tsawonsa ake fara tambaya.

A ƙasar Ajantina, tun cikin ƙarni na 19, wani mutum mai suna Patrick Newtall ya fara tara ƙananan dawaki daga garkunan ƙasar, sa'an nan surukinsa Juan Falabella ya ci gaba da aikin, ya gauraya su da jinin Shetlan da na wasu. Zuriyarsa suka riƙa haɗa ƙarami da ƙarami har aka sami irin da ake kira Falabella, kuma jikokin gidan suka buɗe masa littafin asali a shekarun 1940. A Amurka kuma aka kafa babbar ƙungiyar masu kiwon 'yan ƙananan dawaki a 1978, wadda ta tsayar da inci 34 a matsayin iyaka. Ana amfani da waɗannan dawaki wajen jan ƙananan kekuna da gasar nuna kyau, ana kai su asibitoci da gidajen tsofaffi domin ɗebe wa marasa lafiya kewa, har ma dokar naƙasassu ta Amurka, bayan gyaran da aka yi wa ƙa'idojinta a 2010, ta amince a horar da su su yi wa makafi jagora. Wani abin da ya sa ake son su ga wannan aiki shi ne tsawon rai, domin sukan kai shekara 30 ko fiye, alhali kuwa kare ba ya kaiwa rabin haka yana aiki.

Illar Bin Ƙanƙanta

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ke cikin jinin iyaye shi ke fitowa ga 'ya'ya, mai kyau da maras kyau. Akwai bambanci tsakanin ƙaramin doki lafiyayye, wanda gaɓoɓinsa suka daidaita da juna, da doki wada, wanda ƙanƙantarsa cuta ce. Ana gane wada ta ƙaton goshi, da haɓar ƙasa da ta zarce ta sama, da karkatattun ƙafafu, da ƙaton ciki, wani lokaci da wahalar numfashi. Da yawa suna mutuwa tun a ciki, waɗanda suka rayu kuwa sukan yi fama da ciwon gaɓoɓi muddin ransu. Goɗiyar da ake kira Thumbelina, wadda aka haifa a jihar Missouri a 2001 kuma littafin Guinness ya sanya ta a matsayin mafi ƙanƙantar doki a duniya da tsawon inci 17 da rabi, wada ce, kuma ƙafafunta sun bukaci gyara da kulawa ta musamman.

A zamanin da ba a fahimci lamarin ba, wasu makiyaya sun riƙa sa irin waɗannan dawaki barbara da gangan domin su rage tsawon garkensu, ta haka cutar ta bazu. Binciken kimiyya ya gano cewa tawayar tana cikin wata ƙwayar gado da ake kira ACAN, wadda ke da hannu wajen gina guringuntsi. Doki yana iya ɗauke da ita a ɓoye, jikinsa lafiya lau. In aka haɗa namiji da goɗiya waɗanda dukansu ke ɗauke da ita, to kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa wada. Har ila yau, a 2016 masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin sun gano tushen wata cutar gado dabam a dawakin Shetlan, wadda ke murɗe ƙafafun duƙushi. A yau ana iya gwada waɗannan cututtuka da 'yan silin gashin geza ko wutsiya, saboda haka makiyayin da ya haɗa masu ɗauke da cutar ba shi da sauran hanzari.

Kulawa da Ciyarwa

Babban kuskuren masu riƙon ƙaramin doki shi ne yawan ciyarwa. Dabbar da aka ƙera a ƙasar yunwa ba ta iya ɗaukar ƙoshi. Irin kiwon turke da ake yi wa ingarma a ƙasar Hausa, da dawa da dusa da harawa safe da yamma, zai iya kassara ƙaramin doki cikin 'yan watanni. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne busasshiyar ciyawa wadda nauyinta a yini bai wuce kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, tare da ruwa mai tsabta da gishirin lasa. Ƙiba tana jawo kumburin naman da ke cikin kofato, ciwo mai tsananin zafi wanda kan sa ƙashin ƙafa ya goce daga mazauninsa, doki ya gurgunce. Sai dai kuma ba a rage masa abinci farat ɗaya, domin in ƙaramin doki mai ƙiba ya daina ci, kitsen jikinsa yakan narke ya cika jini ya lalata hanta, kuma wannan yakan yi kisa cikin kwanaki kaɗan. Goɗiya mai ciki ko mai shayarwa ta fi shiga wannan haɗari.

Bayan abinci sai kofato da haƙora. Ana gyara kofato duk bayan mako shida zuwa takwas. Haƙoransa yawansu ɗaya da na babban doki, amma muƙamuƙin ƙarami ne, saboda haka sukan cunkushe, sai likitan dabbobi ya duba su aƙalla sau ɗaya a shekara. Magani kuwa da nauyin jiki ake auna shi, domin abin da zai warkar da ingarma zai iya kashe ƙuru. Goɗiya tana ɗaukar ciki kimanin wata 11, kuma 'yan ƙananan sun fi manya shan wahalar haihuwa, don haka ba a barinsu su kaɗai in lokaci ya gabato. Game da hawa, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada kayan da ke bayan doki su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, wanda ke nufin mafi ƙanƙantansu ba na hawa ba ne sai ga yaro ƙarami ƙwarai. Daga ƙarshe, doki dabbar garke ce. In aka tsare shi shi kaɗai a tsakar gida kamar kyanwa, yakan koyi cizo da harbi.

Saye da Sayarwa

Araha ba ta ado. Kuɗin sayen ƙaramin doki shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da mai shi zai kashe a shekaru 30 na ciyarwa da magani. Mai saye na gari yakan nemi takardar asali da sakamakon gwajin cututtukan gado, ya ga uwa da uba in da hali, ya dubi haɗuwar haƙora da miƙewar ƙafafu, ya sa a zaga da dokin a gabansa. A Birtaniya doka ta wajabta wa kowane doki takardar shaida, kuma tun 2009 ake dasa wa kowane duƙushi 'yar ƙaramar na'ura mai lamba a wuya, abin da ya sauƙaƙa gano mai dabbar da aka yasar. Shi kuma mai sayarwa, haƙƙinsa ne ya bayyana aibin dabbarsa, ya dandaƙe mazan da ba su cancanci barbara ba, kuma kada ya hayayyafa fiye da abin da zai samar wa masu riƙo.

Kammalawa

Sau biyu kasuwa ta nemi lalata ƙaramin doki: da farko lokacin da aka kwashe mafi kyawun maza zuwa ramukan kwal, sa'an nan lokacin da aka fifita ƙanƙanta a kan lafiya. Sau biyun kuma abin da ya ceci irin shi ne riƙe nagartattun maza, da rubuta asali, da ƙin sa mai tawaya barbara. Ɗaliban aikin gona da jami'an ma'aikatun dabbobi suna da wurin gwada wannan ilimi kusa da gida, domin dawakin tsaunukan Jos sun ragu ƙwarai tun da babura da motoci suka karɓi aikinsu, kuma irin da ƙasa ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana tacewa, in ya ƙare, ba a sayo shi a kasuwa.