Daga Yamai zuwa kasuwar Cake: su wa ke tsaron maganin da muke sha?

Wanda ya ci kasuwar Cake (Tchaké), ko ta Mayahi, ko ta Tasawa, ya san mai tallan magani da ke shimfiɗa ƙwayoyi bisa faifai cikin rana. Nan ake sayen maganin ciwon kai, nan kuma wasu samari ke sayen tiramol don su jure wa noma. Akwai ma'aikatun gwamnati da aka kafa domin wannan faifan, ko da yake manyan ofisoshinsu suna can Yamai.

Mu fara da ta bincike. CERMES ta samo asali ne daga ƙungiyar OCCGE mai mazauni a Bobo-Dioulasso, wadda ƙasashe renon Faransa suka haɗu a cikinta don yaƙi da manyan cututtuka. An buɗe ta a ƙarshen shekarun 1970 domin cuta biyu: sanƙarau da tsargiya. A 2002 ta koma hannun gwamnatin Nijar, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, aka faɗaɗa aikinta. A ɗakunan awonta ake duba ruwan ƙashin baya da likitocin karkara ke aikowa, a gane irin sanƙarau da ya ɓulla, domin kowane iri da allurarsa. Allurar MenAfriVac da aka soma yi a 2010 ta karya lagon iri na A, amma a 2015 sai iri na C ya taso, ya kashe ɗaruruwan mutane.

Shekarar da ta fi cancanta a tuna ita ce 1995. Sanƙarau ya kama dubban jama'a, aka kawo allurar rigakafi kyauta daga Nijeriya. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa wani kashi nata bai yi kama da na gaskiya ba. Da aka auna, sai aka tarar jabu ce, babu magani a ciki, alhali an riga an yi wa mutum fiye da 50,000. Uba ya koma gida yana zaton ɗansa ya tsira, ga shi kuwa ba shi da kariya ko kaɗan. A 1996 aka kafa LANSPEX, ɗakin awo na ƙasa mai duba ingancin magani. Duk da haka an sake kama jabun allurar sanƙarau a 2015 da 2019.

Ta fannin miyagun ƙwayoyi, dokar da ake aiki da ita ta fito ne a Satumba 1999, kuma ofishin OCRTIS na ƴan sanda shi ke jan ragamar kamu, tare da jandarma da ƴan duwan. A Maris 2021 ya kama tan 17 na ƙaron tabar wiwi a wani sito a Yamai. A Janairu 2022 an kama hodar ibilis fiye da kilo 200 a jihar Agadas, cikin motar wani magajin gari.

Maƙwabtanmu sun nuna abin da shugaba guda ke iya yi. Dora Akunyili ta riƙe hukumar NAFDAC ta Nijeriya daga 2001 zuwa 2008. Ta ƙone jabun magunguna a bainar jama'a, har aka buɗe wa motarta wuta a 2003, Allah ya kiyaye ta. Wannan ya shafe mu, domin magani mai yawa da ke kasuwannin jihar Maraɗi ta kudu yake shigowa.

Sai dai babban kamu a Yamai bai rage ko ƙwaya ɗaya daga faifan ɗan talla a Cake ba. A nan, waɗanda ke iya lura su ne likitan gari, da maigari, da wanda ya yi yaƙi da jahilci har yana iya karanta ranar lalacewar magani a jikin kwali.