Idan Murjani Ya Yi Fari a Akwatin Gilashi

A birane irin su Balin, Landan da Tokiyo akwai masu ajiye guntun teku a falonsu: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, fitila mai shuɗin haske a sama, injin kaɗa ruwa yana aiki dare da rana, a ciki kuma ga murjani mai rai. Babban fargabar mai irin wannan akwati shi ne ya wayi gari ya tarar reshen da jiya yake kore shar ya koma fari fat. Sau da yawa kuwa gaggawar mai shi ce ke ƙarasa murjanin, tun kafin cutar ta gama da shi.

Murjani dabba ce, ko da yake ido yana ganinsa kamar dutse ko tsiro. Kowane reshe tarin ƙananan halittu ne, kowace da bakinta da 'yan yatsu kewaye da shi, suna zaune a kan ƙashin da suka gina da kalsiyam da kabonet na ruwan teku. Jan murjanin da mata ke ratayawa a wuya ma ƙashin wani danginsa ne na tekun Bahar Rum. A cikin naman murjanin ƙasashe masu zafi akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke sarrafa hasken rana ta haɗa abinci, tana ba mai masaukinta abin da kan kai kashi 90 cikin 100 na bukatarsa, kuma akasarin launin murjani nata ne. Idan zafi ko haske ya yi yawa, sai ta fara fitar da sinadarai masu ƙuna, murjani kuwa ya kore ta. Nama ya zama garau, farin ƙashi ya bayyana. A teku, ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka.

Saboda haka aikin farko shi ne dubawa da kyau, domin fari iri biyu ne. Gwanaye kan jira dare, su haska da ƙaramar tocila. Idan 'yan yatsun nan sun fito suna motsi a kan farin reshen, murjani yana raye, yunwa ce kawai ke gabansa. Idan kuwa ƙashi ne tsirara, ramukansa a buɗe, nama yana saɓulewa daga gindi zuwa sama, to wannan mutuwa ce ke tafiya. A nau'in Akrofora mai rassa tana iya cinye murjani gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Wurin da ya mutu ba ya daɗewa yake yin kore da gansakukar waje.

Daga nan sai gwajin ruwa. Ma'aunan da masu kiwo ke bi sanannu ne: zafi tsakanin digiri 24 zuwa 26, gishiri giram 35 a kowane kilo na ruwa kamar na teku, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, maganiziyam wajen 1,300. Wanda ya fi saurin rikicewa shi ne kabonet, saboda murjani mai girma yana zuƙe shi kullum. Gishiri shi ma yana da tasa dabarar. Ruwa yana tashi tururi, gishiri ya zauna, don haka wanda ya cike akwati da ruwan gishiri maimakon tataccen ruwan daɗi, yana ƙara wa ruwan kauri ne bai sani ba.

A nan ne ake yin ɓarna mafi yawa. Mutum ya ga lamba ta kauce, hankalinsa ya tashi, ya zuba magani, ya sauya rabin ruwa, ya ɗaga fitila, ya matsar da murjanin, duk a yini ɗaya. Murjani yana iya jure lambar da ta ɗan kauce in dai ta tsaya wuri guda. Hawa da sauka ne ba ya ɗauka. Gyaran da ya dace shi ne abu ɗaya a lokaci guda, kaɗan kaɗan, cikin kwanaki. Tsabtar da ta wuce kima ma matsala ce. Waɗanda ke tace ruwa har naitiret da fosfet su ƙare ƙaf kan ga murjaninsu ya koɗe, domin gansakukar cikinsa tana bukatar ɗan taki.

Murjanin da ya yi fari yana son a rage masa haske, a sauko da shi ƙasa, ruwa ya riƙa kaɗa shi a hankali. Tunda mai dafa masa ta tafi, sai a ciyar da shi ta baki: a kashe injin kaɗa ruwa na 'yan mintuna, a ɗiga masa ƙananan halittun ruwa da bututu. A kuma duba maƙwabta. Wasu nau'o'in suna miƙa dogayen yatsu masu harbi da dare su ƙone na kusa da su, masu laushi kuma suna sakin guba a ruwa, abin da ake ragewa da tataccen gawayi. Akwai kuma tsutsotsi masu faɗi da ke cin naman Akrofora, launinsu ya saje da nasa, sai an tsoma shi a ruwan magani suke zubowa. Idan abubuwa suka daidaita, launin ruwan ƙasa ke fara dawowa, sauran launi kan ɗauki watanni.

Idan nama ne ke saɓulewa, babu jira. Ana yanke reshe mai lafiya can sama da inda cutar ta kai, a manna shi a kan ɗan dutse da sufa gulu, a jefar da sauran. Wannan aiki na bukatar safar hannu da tabarau, musamman ga mai nau'in Palitowa, wanda gubarsa tana cikin mafi ƙarfi da aka sani. An sha kwantar da iyali guda a asibiti bayan an goge ko an tafasa dutsen da yake kai.

Wannan ilimi ba daɗaɗɗe ba ne. Shekaru da dama ana ganin Akrofora ba zai rayu a gida ba, sai a shekarun 1980 wani Bajamushe a Balin, Dietrich Stüber, ya raini wanda ya tsiro a kan dutsen akwatinsa. Rassansa sun bi hannu zuwa hannu har ƙasashe da yawa. Wannan rabon reshe abin a ƙarfafa ne, domin duk wanda aka samu daga akwatin wani, ba a fasa shi daga teku ba.

Abin ya wuce sha'awa a Yulin 2023, lokacin da wani ma'auni a gaɓar Fulorida ta Amurka ya nuna zafin ruwa ya kai digiri 38 da ɗoriya. Masana da 'yan sa kai suka riƙa nutso suna kwashe dubban murjani daga gonakin renonsu na cikin teku zuwa tankuna a kan tudu. A can aka yi musu abin da mai akwati ke yi a falonsa: sanyaya ruwa, rage haske, ciyarwa, yanke abin da ya ruɓe. Akasarin masu rassa da aka dasa a teku aka bar su can sun mutu. Na tankuna kuwa an fara mayar da su teku kafin ƙarshen shekarar, bayan ruwa ya huce. A Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar cewa duniya ta shiga zagaye na huɗu na farin murjani, bayan na 1998, na 2010 da na 2014 zuwa 2017.