Silimar Da Muka Sani Daga Bayan Katanga

A wannan mako ina so mu ɗan waiwayi gidajen silima na da, ko da yake yawancinmu daga bayan katanga muka san su.

Ke da kika tashi a Kano, kin tuna Plaza da Orion da El Dorado? Galibin irin waɗannan gidaje dogon bango ne ba rufi, saboda haka sai duhu ya yi ake soma nuna fim. In ruwa ya sauko da damina kuwa, 'yan kallo su jiƙe sharkaf. A bakin ƙofa ga masu tsire, ga masu rake, ga hotunan 'yan wasa an lilliƙa.

Amma fa 'yar mutunci ba ta shiga. Tun da aka buɗe Rex a 1937 malamai ba su yi na'am da abin ba. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya a 1951, mutum fiye da 300 suka rasu, sai iyaye suka ƙara tsanantawa. Budurwar da aka gani a layin sayen tikiti, kafin gari ya waye magana ta kai gidan mai neman aurenta.

To, ina muka san labarin Mother India da Sholay? A bakin yayyenmu maza. Da safe mukan kewaye yayana muna tsince shinkafa, shi kuwa yana ta zuba, har da kwaikwayon faɗa. Ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma sai ya sa mu kuka. Abin da aka yarda mu gani da idonmu shi ne majigi, wanda motar gwamnati kan kawo ƙofar fada kyauta, a nuna irin su Baban Larai. Daga baya talabijin ya shigo, sa'an nan kaset ɗin bidiyo, har aka yi Turmin Danya a 1990.

Yanzu fa? Yawancin gidajen nan sun daina aiki, amma silima ta shigo har ɗakinki, tana cikin wayar 'yarki. Katangar da ta tsare mu ba ta nan. A da mun san fim ɗin da yaya ya gano, domin a gaban uwarmu yake ba da labari. Ke kin san abin da 'yarki ta kalla jiya da dare?

Shawarata, uwargida, kada ki tsaya ga faɗa da ƙwace waya. Ki ware dare ɗaya a mako, ki shimfiɗa tabarma ku kalla tare, ki ji ra'ayinta, ki faɗa mata naki. Ke kuma 'yar makaranta, ki gama aikin da malama ta ba ki tukuna, kuma fim ɗin da za ki ji kunyar kallonsa a gaban mahaifiyarki, ki bar shi.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.