Babbar mota da famfonta: kula ta fi gyara

Daga Maradi zuwa Dakoro akwai wajen kilomita 120. Daga Dakoro in an nufi arewa, wajen kwarin Tarka da Bermo, sai rairayi. A wannan ƙasa babbar mota ita ke kawo hatsi da dussa. Mai tanki kuwa tana kai ruwa inda rijiya ta ƙafe.

Manya ba su manta ba. A farin 1973 da na 1984, motocin OPVN, ofishin cimaka da gwamnati ta kafa a 1970, sun yi ta jigilar hatsi zuwa karkara. In mota ɗaya ta kwanta a hanya, gari guda ke kwana da yunwa.

Me ke kashe babbar mota? Abu uku ne.

Na farko ƙura. Inji yana shaƙar iska kamar mutum. In matatar iska ta toshe, ƙarfinsa ya ragu. In ta huje, rairayi ya shiga ya cinye shi. A lokacin hunturu, direban kirki yana duba ta kowace safiya.

Na biyu gazuwal mai datti. Cikin inji akwai famfo mai tura gazuwal. Ruwa kaɗan ko rairayi ya isa ya lalata shi. Gyaransa sai babban garaji, da tsada, da jira. Don haka ana tace gazuwal da ƙyalle mai tsabta, kuma ba a ɗura na gindin duro.

Na uku zafi. Kafin a tashi, a duba ruwan lagireto da baƙin mai. In lokacin juye ya yi, a juye.

Famfon ruwa na mota mai tanki shi ma yana da dokarsa. Ba a tada shi babu ruwa a cikinsa, don robar da ke hana yoyo tana ƙonewa. Bakin tiyo sai da rariya, kada ya ja laka da tsakuwa. Kuma ba ya tsotso ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8. Wanda ya matsa masa, inji kawai zai wahalar.

Mutanen gari ma suna da nasu aiki. Kada su matsa wa direba ya ɗora kayan da ya fi ƙarfin mota. In ta kafe a rairayi, a rage iskar taya, a tone gaban ƙafafu, a shimfiɗa ƙirare. A hana bisashe tattake tiyo a bakin tabki.

Makiyayi ba ya jiran raƙumi ya faɗi kafin ya duba ƙafarsa. Haka mota take. Rigakafi ya fi magani.