Gargaɗi ga masu sanyaya katunan girafik da ruwa a Katsina

'Yan'uwa masu haɗa manyan kwamfutoci a cikin birni, masu tace bidiyo da masu haƙar kuɗin intanet da ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke gwajin ƙirƙirarriyar basira: duk wanda ya jera katin girafik biyu ko fiye yana sanyaya su da ruwa, ya duba famfonsa yau, kafin zafin Maris da Afirilu ya kama.

Kati ɗaya na RTX 3090 yana cin wat 350, RTX 4090 kuma 450. Huɗu na farkon wat 1,400 ke nan, kuma kusan duka zafi yake komawa. Ruwan ba zai taɓa yin sanyin da ya wuce na iskar ɗakin ba, ga shi a bazara Katsina kan haura digiri 40. Famfunan da aka saba amfani da su kuwa iyakarsu ruwa mai digiri 60. Tazarar kaɗan ce.

Babban hatsarin da nake gani shi ne famfon aro. Wani zai ciro ɗan famfon na'urar sanyaya ɗaki, ko na tankin kifin ado, ya jona shi a soket na bango, kwamfutar kuma tana kan inbata. Da an ɗauke wuta famfo ya tsaya, katunan suna ta aiki, mai shago yana masallaci. Katin zai rage gudu, daga baya ya kashe kansa, gaskiya ne. Amma kafin nan ruwan da ya tsaya a kansa ya yi zafin da zai sa tiyo ya saki, ya zame daga bakinsa, ya tsiyaya a kan katin da ke ƙasa. Ku sa famfo mai bolt 12 wanda ke shan wuta daga cikin kwamfutar kanta, su tashi tare su mutu tare. Wayarsa mai ƙidaya juyi a jona ta a babban allon cikin kwamfuta (motherboard), a saita na'urar ta kashe kanta da zarar juyin ya koma sifili.

Wajen saye, kada lita nawa a awa da aka rubuta a kwali ta ruɗe ku. An auna ta ne babu abin da ya tare ruwan. Ƙarfin turi shi ne magana. Famfon D5 yana kai kusan lita 1,500 a awa da turin da bai cika mita 4 ba, ruwan da yake turawa ne ke sanyaya shi. Famfon DDC ruwansa bai kai haka ba, turinsa ya fi, sai dai jikinsa na ɗaukar zafi, kuma a garinmu wannan aibi ne babba. Ni D5 zan zaɓa. Idan katunan sun kai huɗu a jere, ruwa na fita daga wannan ya shiga wancan, a sa famfo biyu a layi ɗaya: turi ya ƙaru, in ɗaya ya mace ɗayan ya riƙe har a lura.

Kada a ɗaura gudun famfo a kan zafin furosesa, yana hawa yana sauka. A tsayar da shi a gudu ɗaya mai ƙarfi, a bar fankokin lagireto su bi zafin ruwan. Tanki ya kasance sama da famfo, domin ruwa ne man shafawarsa. In ya juya a bushe, cikin ɗan lokaci ya ci kansa.

Ruwan burtsatse da na leda duk suna barin gishiri a 'yan ƙananan hanyoyin da ke kan kati. A nemi tataccen ruwa da maganin hana tsatsa da gansakuka. Wanda zai saya wajen masu batir ya yi hattara ƙwarai, don akwai mai asid a cikinsa, kuma duka "ruwan batir" ake ce musu. Kada kuma a haɗa lagireton mota na alminiyom da kayan jan ƙarfe a layi guda, alminiyom ɗin zai zaizaye ya toshe komai.

Ƙurar hunturun da ya wuce tana nan maƙale a lagireto. A kashe na'ura, a cire wuta, a hure ta da bulowa a cikin makon nan.